Tayar Motar Alhaji Aƙilu

An saki Bahago direba da la'asar ɗin ranar Asabar, ba tare da an kai shi wurin 'yan sanda ba. Tayar da aka ce ya sace an same ta, babu iska a cikinta. Abin ya faru ne a unguwar Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya, a daminar 1999. Wanda ya warware maganar wani tsoho ne mai bin sawu, Malam Tanko, shi ma sai da ya ɓata rabin yini yana bin sawun da ba shi ba.

Motar ta Alhaji Aƙilu ce, tsohon jami'in ilimi da ya yi ritaya. Ɗansa Mustapha, wanda ya tafi Amurka karatu shekaru da dama bai dawo ba, shi ya aiko masa da ita. Mota ce mai faɗi, ba ta shiga lungu, sai da aka rushe wani sashe na katangar gida aka gina mata gareji a gefen zaure. Alhaji bai iya tuƙi ba, don haka ya ɗauki Bahago, mutumin wani ƙauye a bayan Kufena, ya ba shi shago a filin da ke tsakanin zaure da shigifa.

Ranar Juma'a an yi ruwa da iska da hantsi, ya ɗauke kafin azahar. Maza suka tafi masallacin ƙofar fada a ƙafa kamar yadda aka saba, unguwa ta rage daga mata sai awaki. Da aka sauko, sai aka tarar da ƙofar gareji ta ƙarfe a buɗe, motar tana kan jak, babu tayar baya ta hagu. Rediyo na nan, batir na nan, har hular Alhaji da ya mance a kujerar baya tana nan.

Unguwa ba ta daɗe tana shawara ba. Bahago ne ke riƙe da makulli. Bahago ba shi da kowa a birni. Da aka tambaye shi inda ya yi salla, ya ce ya makara, a sahun ƙarshe ya tsaya, kan titi, cikin mutanen da bai sani ba. Matasa suka fara naɗe hannun riga. Mai unguwa ya shigar da shi wani ɗaki a gidansa ya kulle, ya ce daga nan zuwa la'asar ɗin gobe, in taya ba ta fito ba, sai ofishin 'yan sanda. Sannan ya aika a kira Tanko.

*

Tanko ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin shanu, tun zamanin 'yan doka. A lokacin yakan dubi ƙasa ya ce mutum uku ne, ɗaya yana ɗingishi, kuma a same su haka. Yanzu kwalta ta cinye hanyoyi, siminti ya cinye ƙofofin gidaje, ba a kiransa sai akuya ta ɓata. Matarsa ta rasu, bai haihu ba. Yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki kusa da ganuwa, kuma idonsa na dama ya fara hazo, abin da bai faɗa wa kowa ba.

Ya tsuguna a gareji ya daɗe. An sa jak daidai inda ya kamata. Notunan tayar suna jere cikin murfinta, ba wanda ya ɓata. Ɓarawo ko ya tafi da noti ko ya watsar. Wanda ya jera su haka yana da niyyar mayarwa. Ya ga wannan, ya adana a ransa.

Alhaji Aƙilu ya buɗe motar ya murza makulli. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari.

"Ga shaidata, Malam Tanko."

Ya yi bayani a natse, irin na wanda ya saba shugabantar taro. Mustapha ya gaya masa a tarho cewa kowace taya tana da na'ura a ciki mai sanar da mota in iska ta ragu. Watan jiya ƙusa ta huda wannan tayar, Bahago ya kai ta wurin faci. Tun daga makon fitilar ba ta mutu ba, alhali an auna iska sau da yawa tana daidai. Shi a ganinsa tun ranar aka taɓa wani abu, yau kuma aka dawo aka ƙarasa. Ya ce bai so ya zargi yaron ba, amma na'ura ba ta san ƙarya ba.

Tanko bai san na'ura ba, don haka ya fita lungu neman sawu.

A lungu akwai sawun taya da aka gara da hannu, yana karkacewa nan da can, ya nufi ƙofar gari. Matasa sun riga sun gan shi, suna nuna masa. Ya bi. Ya fita ta Ƙofar Kuyambana, 'yan rakiya suka rinƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai tsakanin gonakin dawa, dutsen Kufena yana gabansa. Sawun ya kai shi wurin masu babbakar kan sa, inda ake ƙona tsofaffin tayoyi. Suka nuna masa ragowar wayar wadda suka saya da rana, tsohuwar tayar a-kori-kura ce da ta suɗe.

A hanyar dawowa ya sake tsugunawa, ya rufe idon dama ya duba da na hagu. Sawun bai nutse ba. Taya mai ƙarfe a ciki ba ta tafiya sama-sama a ƙasar da ta sha ruwa. Shekara goma baya da tun a bakin gareji zai gane. Ya yi magariba a gefen hanya, babu wanda ya bi shi salla.

*

Da safe ya fara da Bahago. Ya same shi zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, mai magana a hankali.

"Baba, ko tsinke ban taɓa ɗauka a gidan nan ba."

Tanko ya ce ba wannan ya zo ji ba. Ya tambaye shi makulli nawa garejin yake da su. Bahago ya ce na ƙofar ƙarfe ta waje ɗaya ne, yana wuyansa, amma ana iya zare sakatarta daga ciki. Akwai kuma 'yar ƙofa ta baya mai fita filin shagonsa, ita ba a kulle ta. Ya tambaye shi wa ya yi facin watan jiya, ya ce Nasidi na bakin ƙofar gari, ɗan ƙanin Hajiya Nana, matar Alhaji. Shi ya ajiye tayar ya tafi cin abinci, ya dawo ya tarar an gama.

Da Tanko ya miƙe, Bahago ya ce in an kai shi can, kada a aika ƙauye. Tsohuwarsa tana gaya wa mutane ɗanta yana tuƙa motar Amurka.

Rumfar Nasidi tana gindin wata darbejiya. Ya tashi da sauri ya ba Tanko benci, ya aika a kawo koko, ya yi ta Allah wadai da halin mutanen yanzu. Ya ce shi a sahun gaba ya yi Juma'a. Game da facin kuwa, ya buɗe tayar, ya zare ƙusa, ya liƙe, ya mayar. Tanko ya tambaya ko ya ga wani abu a ciki.

"Me zan gani, Baba? Taya ai taya ce. Ciki duhu, waje datti."

Ya yi dariya shi kaɗai. Tanko ya sha kokon, ya yi godiya.

Daga nan ya hau bas zuwa Samaru, wurin Injiniya Kabir, abokin karatun Mustapha, wanda ke koyar da aikin lantarki. Kabir ya saurari labarin fitilar yana girgiza kai.

"Baba Tanko, wannan ba shaida ba ce, tsufa ne."

Ya ɗauko kwalin ashana ya ajiye a kan tebur, ya ce girman abin ke nan. Sensa ake kiransa. Yana manne a gindin bawul, inda ake hura iska, ta cikin taya. A cikinsa akwai batir ɗan mitsitsi da aka liƙe tun daga kamfani, ba a buɗewa, ba a caji. Yakan yi shekara biyar, bakwai, in ya yi ƙarko ya kai goma, zafin ƙasarmu kuma yana rage masa kwana. Motar ma ba sabuwa Mustapha ya saya ba. In batirin ya mutu, mota ta daina jin siginal daga tayar, sai ta kunna fitila ko da iska cike take. Magani ɗaya ne, a cire abin gaba ɗaya a sa sabo, shi kuma bai san mai sayar da shi ba ko a Kano. Sauran ukun ma suna hanya, tunda tare aka yi su.

Tanko ya tambaya yaya kamarsa. Kabir ya ce baƙi ne, a shafe, ba baki ba ƙofa.

"Mai faci zai iya buɗe tayar bai gan shi ba?"

"Sai dai in makaho ne."

Da zai tafi, Kabir ya tambaye shi ko Mustapha yana bugo waya gida. Shi dai rabon da ya sami wasiƙarsa tun kafin shi Kabir ya yi aure.

*

Ya iso gidan Alhaji rana ta take. Jiya kowa ta titi ya tsaya, don ta nan aka ga ƙofa a buɗe. Shi ma ta nan ya fita. Yau ya bi ta 'yar ƙofar baya.

Filin ba shi da girma. Shagon Bahago yana hagu, doguwar tsintsiyarsa ta kaba mai sanda tana jingine a bango. Ba a yi shara ba tunda mai sharar yana kulle. Iskar jiya ta kakkaɓo ganyen darbejiya ya rufe ko'ina, ya manne da ƙasa. Ko'ina, ban da wata 'yar hanya mai faɗin tabarma, wadda ta tashi daga ƙofar gareji ta miƙe zuwa bakin shigifa. Ita tas take.

Ya durƙusa, ya rufe idon dama. Zanen tsintsiya ne a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, wato bayan ruwa aka yi shi. Ba shara irin ta Bahago ba ce, wadda ake yi a tsaye da dogon hannu. Gajeru ne, kusa da kusa, na ƙaramar tsintsiyar ɗaki, na mai sunkuyo. Kuma mai sharar da baya-baya ya rinƙa tafiya, yana shafe sawun kansa, har ya shige shigifa. Kowa ya san shara waje ake fitar da ita. Wannan ciki ta nufa. A dokin ƙofar shigifa, ƙasa ta ɗan ɓantare, da baƙin gogar roba a wurin.

Daga nan ba ya wucewa. Babu namijin da ke wuce shigifar nan sai mai gida da muharrami, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin dubawa.

Ya koma zaure ya zauna. Tun rasuwar matarsa, kullum da magariba kwanon tuwo yake zuwa ɗakinsa daga cikin gidan nan, kuma ya san ba Alhaji ne ke tunawa da shi ba. Bai taɓa ganin fuskar Hajiya Nana ba. Muryarta kawai ya sani, daga bayan ƙyaure. Zai iya cewa sawu ya ɓace a kwalta. Kowa zai yarda, don kowa ya ga ya tsufa. Ya zauna har aka kira azahar, sannan ya tafi wurin mai unguwa ya ce a tara mutane, amma ba a ƙofar gidansa ba. A shigifar Alhaji, kuma mutum biyar kawai.

*

Alhaji Aƙilu yana kan kujera, mai unguwa a kan buzu. Nasidi ya zauna kusa da ƙofa. An kawo Bahago ya rakuɓe a lungu. Ƙyauren da ke shiga cikin gida a saye yake, ba a rufe ruf ba.

Tanko ya fara da fitila. Ya faɗi abin da Kabir ya ce, bai ƙara ba bai rage ba, ya ce shi ma jiya bai sani ba. Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya ce to ya ji, amma wannan bai dawo da taya ba. Tanko ya kawo maganar notuna da aka jera. Ya juya wurin Nasidi ya tambaye shi a sahu na nawa ya ce ya yi Juma'a, wa ke damansa, wa ke hagunsa. Nasidi ya ce ai mutum ba ya waige a salla. Mai unguwa ya ce shi a sahun gaba yake, kuma yana waige kafin a tayar.

Sannan Tanko ya roƙi Alhaji ya leƙa filin gidansa. Alhaji ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi ganyen, ya dubi 'yar hanyar da aka share, ya bi ta da ido har zuwa ƙarƙashin ƙafarsa. Da ya dawo bai zauna ba.

"Wa ke shara da ƙaramar tsintsiya a gidan nan, ranka ya daɗe?" in ji Tanko.

Ba Alhaji ne ya amsa ba. Daga bayan ƙyaure aka yi sallama.

"Ku bar yaron mutane. Tana bayan rumbu, na rufe ta da tabarma."

Nasidi ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo." Ta ce ya yi shiru.

Ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Watan jiya Nasidi ya shigo gaishe ta, ya ce ya ga wani ƙulli baƙi a cikin tayar, a liƙe kamar laya, shi tunda yake faci bai taɓa ganin irinsa ba. Ita kuwa ta daɗe da sanin ba lafiya ba. Mustapha, yaron da ba ya iya kwana biyu bai ci tuwonta ba, a ce shekara da shekaru, sai murya a tarho sallah zuwa sallah? Kurciya aka yi masa. An aiko musu da ƙarfe, an riƙe mutum, an kuma ɓoye abin a inda ba mai gani, yana ta juyawa yana nisanta shi. Ta san in ta gaya wa Alhaji zai ce jahilci ne. Shi ya sa ta jira Juma'a.

Sauran Nasidi ya ƙarasa, yana kallon ƙasa. Niyyarsu su cire abin su mayar da tayar kafin a sauko. Ya garo ta cikin gida don kada a ji ƙarar ƙarfe daga titi. Amma da ya ɓalle ƙullin, bawul ɗin ya biyo shi, taya kuma ba mai tif ba ce, famfon hannu ya ƙi tayar da ita. Yana cikin fama ya ji hayaniyar masu dawowa. Ya zare sakata ya fita ta titi, ya bar ƙofa a buɗe. Da ya ji an kama Bahago ya so ya yi magana, sai ya ga abin ya riga ya yi girma.

Alhaji ya ce, yana fuskantar ƙyauren, batir ne, Nana. Batir ne kawai ya mutu.

"To. Shi kuma Mustapha me ya mutu a wurinsa?"

Mai unguwa ya tambayi inda ƙullin yake, ta ce ta yi abin da ake yi da irinsa, ba ta ƙara ba. Aka ji takunta ya koma ciki.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce magana ce ta cikin gida, kuma gida ne na mutunci. Abin da aka ji a shigifar nan a nan zai kwana. Ya sa kowa ya yi alkawari. Nasidi ya yi da sauri. Tanko ya yi. Aka zo kan Bahago.

Ya ce ya yi alkawari, ba zai ambaci Hajiya ba ko a gaban alƙali, don ta ciyar da shi. Abu ɗaya yake roƙo. A gaban jama'a aka kira shi ɓarawo, a gaban jama'a aka fasa masa baki. Yana so Alhaji ya tashi a masallacin unguwa bayan salla ya ce ba shi ba ne. Ba sai ya ce wane ne ba.

Mai unguwa ya ce in aka ce ba shi ba ne, za a tambaya to wane ne. Alhaji ya mayar da tabaransa.

"Za a duba, Bahago."

*

Da la'asar aka sanar a ƙofar gida cewa taya ta fito, an sasanta, kowa ya watse. Bahago ya shiga shago ya ɗaure kayansa a buhu guda. Ya cire makullin gareji daga wuyansa ya ba mai unguwa. Alhaji ya aiko a ce masa aikinsa na nan, ya ce ya gode, zai je ya ga tsohuwa tukuna.

Tanko ya raka shi. Suka bi lungu, mutane suna zaune a dakali, ana amsa sallamarsu ana kallon buhun. Wani ya ce wa na kusa da shi, ba a ɓoye ba, Alhaji dai mutumin kirki ne, wani da sai kurkuku. Bahago bai juya ba. A bakin Ƙofar Kuyambana ya ce Baba ya koma haka nan, ƙafa ta gaji. Ya ce in an yi sanarwar a aika masa, ko ta bakin masu kawo itace, zai dawo. Tanko ya ce zai aika.

Ya tsaya yana kallonsa har dawa ta rufe shi, sannan ya juya.

Motar tana gareji a kan jak. Alhaji ya rubuta wa Mustapha a aiko da sabuwar na'ura. A unguwa, abin da ake faɗa shi ne direban ya dawo da taya da ya ga uwar bari, Alhaji kuma ya yafe masa. Tanko yana zuwa masallacin unguwa salloli biyar, yana zama bayan an sallame har sai Alhaji Aƙilu ya ɗauki takalmansa. Har aka yi girbin dawa, ba a yi sanarwar ba.